JIRGIN DA KE BI TA ƘARƘASHIN KOGIN NILU

Yau shafinmu na kimiyya zai kai mu birnin Alƙahira na ƙasar Masar, inda akwai jirgin ƙasa da ke tafiya a cikin rami. A wani wurin ma, kogi guda ne ke gudana a saman kan fasinjoji.

Me ya sa aka kai jirgi cikin rami?

Dalilin shi ne cunkoso. Duk wanda ya taɓa bin titin Zariya daga Kura zuwa cikin Kano ya san yadda motoci da Adaidaita Sahu ke cakuɗewa daga Na'ibawa. Idan gari ya cika da gidaje, ba a samun filin faɗaɗa titi sai an yi rusau. Shi ya sa injiniyoyi suka koma ƙarƙashin ƙasa, inda babu shago babu mahaɗar hanya.

Birnin Landan na Ingila ne ya fara, a shekarar 1863. Jiragen farko da kwal suke aiki, hayaƙi yana cika ramin. A 1890 aka buɗe layi mai amfani da lantarki a Landan ɗin, kuma daga baya sauran birane suka bi wannan hanya.

Tarihin layin Alƙahira

Alƙahira ce ta fara samun irin wannan jirgi a duk Afirka. An buɗe layi na ɗaya a 1987 da taimakon kamfanonin Faransa. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 44, amma ɗan yankin tsakiyar gari ne kawai ke cikin rami.

Layi na biyu shi ne abin mamaki. Ya tashi daga unguwar Shubra al-Khaima a arewa, ya ƙare a Munib, wajen kilomita 21 da tashoshi 20. An buɗe kashin farko a 1996. A 1999 jirgin ya fara ratsa ƙarƙashin kogin Nilu zuwa Jami'ar Alƙahira, aka kammala layin a 2005.

Yaya ake haƙa ramin?

Hanyoyi biyu ne. Ta farko, a tone titi daga sama, a gina bango da rufi na kankare, a mayar da ƙasa a shimfiɗa kwalta. Wanda ya ga gadar ƙasa ta Dangi a Kano zai gane, sai dai a nan ana rufe saman gaba ɗaya.

Amma ba a iya tone kogi daga sama. Don haka aka kawo wani ƙaton inji mai zagayayyen kai cike da haƙoran ƙarfe. Kan yana juyawa yana cin ƙasa kamar gara, ana fitar da ƙasar ta baya. Duk inda injin ya matsa gaba, sai a jera ɓangarorin kankare su zama zobe, a toshe tsakaninsu don kada ruwa ya shigo. Zobe bayan zobe har aka fita ɗaya gefen kogin, jiragen ruwa na wucewa a sama abinsu.

Yaya yake aiki?

Na ɗaya, wuta. Jirgin ba ya shan man dizal. A layi na biyu akwai ƙarfe na uku a gefen dogo wanda ke ɗauke da lantarki, jirgin yana gogar sa yana samun ƙarfi. Shi ya sa aka hana kowa sauka kan dogo.

Na biyu, sigina. An raba layin gida-gida, kuma ba a barin jirgi ya shiga gidan da wani jirgin bai fita ba. Da haka jirage ke bin juna cikin 'yan mintuna ba tare da karo ba.

Na uku, iska da ruwa. Manyan fankoki suna shigo da iska, injinan ban ruwa kuma suna zuƙe ruwan da ya taru. Mu a nan muna kunna inji don mu kai ruwa gona, su kuma don su fitar da shi.

Fasinja yana sayen tikiti, ya sa a ƙofa ta buɗe, ya sauka ta matakala. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragun da aka keɓe wa mata. Bayan tsakar dare ana tsayar da jirage, ma'aikata su shiga duba dogo da wayoyi kafin asuba.

Ina ruwanmu da wannan?

An daɗe ana maganar yi wa birnin Kano jirgin cikin gari. Legas ta fara nata a 2023, daga Marina zuwa Mile 2, ko da yake nata a sama yake bi. Idan mutanen birni suka koma jirgi, titi zai yi sauƙi ga motocin da ke ɗauko tumatir da shinkafa daga Kura da Bunkure. Kowa ya san kwandon tumatir ba ya jure zaman rana.

Sai dai gini kaɗai ba ya isa. Ku dubi magudanan da ke kawo mana ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Idan aka bar kachala da yashi suka toshe su, manomin da ke ƙarshen layi ba ya ganin ruwa. Haka jirgin rami yake: in wuta ta ɗauke ko injin zuƙar ruwa ya tsaya, aiki ya tsaya. Masu gyaran nan na dare su ne suka riƙe layin Alƙahira har yau.

To 'yan uwa, masu gudun darasin lissafi da kimiyya, idan jirgin Kano ya zo, wa zai riƙa gyara shi? A rubuto amsa a miƙa wa ƙungiyar 'yan jarida kafin fitowa ta gaba.

Daga wakilinku na aji biyu, ƙaramar sakandare.