Ba Ƙishirwa Ke Kashe Na'a-na'arki Ba

Gidaje da dama a GRA ta Katsina sun rungumi ajiye na'a-na'a da ɗoɗɗoya a bakin tagar kicin, don shayi da miya. Ana sayo su cikin baƙar leda wajen masu sayar da fulawa a bakin titi. Kafin a jima ganye ya yi rawaya, uwargida ta ce ƙishirwa ce, ta ƙara ruwa. Ruwan nan shi ke ƙarasa su, domin saiwa ma tana numfashi, in ta daɗe cikin laka sai ta ruɓe.

Ledar ta raino ce kawai. Ki yanke ta da reza, ki fito da shukar da ƙasarta, kada ki fizge ta. Farar saiwa lafiya lau take. Baƙa mai laushi da wari kuwa ta mutu, a datse ta. Ki samo tukunyar ƙasa da ta ɗan fi ledar girma, a huda gindinta. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba a garin nan, inda zafin Afrilu da Mayu kan kai maki 40, don tana sanyaya saiwa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ƙasar Katsina yashi ya yi mata yawa, sai a gauraya ta da takin awaki wanda ya daɗe ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona shuka yake yi.

Yi dashen da yamma, ki bar ta a inuwa kwana 3 ko 4, sannan ki kai ta inda hasken hantsi zai same ta. Falo mai labule da na'urar sanyi ba wurinta ba ne. Kafin ban ruwa ki tura yatsa cikin ƙasar; in da danshi, ki ƙyale. Da hunturu iska kan busar da ita da wuri, sai ki riƙa dubawa. Na'a-na'a kuma a ba ta tukunyarta ita kaɗai, mamaya gare ta.

Hattara da ruwan da ke taruwa a farantin ƙarƙashin tukunya, nan sauro ke ƙyanƙyasa. Mafi haɗari shi ne fesa fiya-fiya ko Sniper kan ganyen da za a jefa a shayi. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kantuna da kasuwanni saboda haɗarinsa. In ƙwari sun dame ki, jiƙa ganyen bedi ya kwana, ki tace ki yayyafa, sannan ki wanke duk abin da kika tsinka kafin ya shiga tukunyar girki.