Harafin Mayo a Cikin Na'ura

Unguwar Mayo da ke kudancin Khartum gida ce ga ɗimbin Hausawa, da yawansu jikokin mahajjatan da suka yada zango a Sudan ne kan hanyar Makka. Karatunsu na makaranta da Larabci ake yi, don haka in ɗan Mayo zai tura saƙon Hausa a waya, galibi da baƙaƙen Larabci yake rubutawa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa iyalai, irin wannan saƙo ne ke riƙe zumunci.

Sai dai saƙon ta cikin na'ura yake bi, kwamfuta kuwa lamba ta sani. Tsohon tsarin ASCII alamomi 128 kawai ya tanada, daidai buƙatar Turanci. A 1991 Unicode ya zo da nufin ba kowane harafin duniya lambarsa, a 1992 kuma Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro UTF-8, hanyar adana lambobin. A cikinta da bayit ake auna wurin ajiya: harafin Turanci bayit ɗaya yake ci, ƙ, ɗ da ɓ suna cin biyu-biyu, haka baƙaƙen Larabci. Fa, ƙaf da nun irin na rubutun Warshu, waɗanda sai a 2016 suka samu lambobinsu, uku-uku suke ci. Wasali ma da lambarsa daban, ko da yake ido na ganinsa manne da baƙi.

A nan ne aikin kwamfaila ya shigo, wato manhajar da ke juya rubutun mai shirya manhaja zuwa harshen na'ura. Kowace tana tafe da rumbun kayan aiki mai auna tsawon kalma, da yanka ta, da kwatanta ta da wata. In ana so ta yi aiki a ko'ina, kamar Free Pascal, sai ta bi da bambancin tsari: Windows na amfani da UTF-16, wata hanyar adana lambobin, Linux kuwa UTF-8. Duk juyin da aka yi tsakaninsu yana cin lokaci. Neman harafi na goma a UTF-8 ma sai an ƙirgo daga farko.

Shi ya sa wasu masu shirya manhaja ke yanke hanya, su ɗauki bayit ɗaya a matsayin harafi ɗaya. Gwajinsu da Turanci yakan tafi lafiya lau, ga sauri. Amma in rubutun Mayo ya shigo, sai a datse baƙi a tsakiya ya koma alamar tambaya, ko a raba shi da wasalinsa, ko a nemi suna a rajista a rasa, don an rubuta shi da wasali a nan, babu wasali a can. Ga mai neman ɗan'uwansa a jerin sunayen 'yan gudun hijira, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A ganina hanyar gaggawa ga Turanci ba laifi ba ce, muddin rumbun ya san inda zai rage gudu. Kafin a saki kowace manhaja, a gwada ta da ajami mai cikakken wasali, da bokon da ba a cire wa ƙugiya ba.