Shekara Huɗu Ba Ta Isa a Ɗaura wa Yaro Bel ɗin Manya Ba

Wani saƙon murya yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na dangi da na iyayen yara 'yan makaranta. Mai maganar ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi na likitan da ta ce ya gaya mata ba, amma ta yi magana da ƙarfin gwiwar wadda ta ga abu da idonta. Ta ce kujerar yara ta mota tana gwame ƙafa, ta ce dabarar cin kasuwa ce ta Turawa, ta ce cinyar uwa ta fi kowace kujera. Ta hana sayen ta gwanjo, ta hana barin jariri ya daɗe yana barci a ciki. Sai ta rufe da abin da ya sa na ɗauki alƙalami: wai yaro in ya cika shekara biyu a mayar da shi kan busta, wato kujerar da ke ɗaga yaro kawai, in ya cika huɗu bel ɗin mota ya ishe shi, in kuma ya yi gajarta a sa masa filo a ƙarƙashinsa.

Zancen gwame ba shi da tushe. Ƙafar yara masu koyon tafiya takan ɗan lanƙwashe ta miƙe da kanta, wadda ta ƙi miƙewa kuwa likita zai duba ƙarancin sinadarin ƙashi ko wata cutar, ba kujera ba. Zancen kasuwa ma haka: ana sayar da taya da birki don riba, hakan bai sa sun daina aiki ba. Cinyar uwa kuwa, motar da ke gudun kilomita 50 a awa in ta daki abu ta tsaya cak, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma, wato kamar saman bene mai hawa uku. Babu hannun da zai riƙe yaro a wannan lokacin. In kuma uwa ta haɗa kanta da shi a bel ɗaya, nauyinta ne zai danne shi.

Abu biyu ta faɗa daidai, kuma zan ba ta su. Kujerar gwanjo wadda ba a san tarihinta ba tana iya zama ta taɓa shiga haɗari, robarta ta tsage ta ciki inda ido ba ya gani, kuma masu ƙerawa da yawa suna buga ranar daina amfani a jikinta, galibi shekara shida zuwa goma daga ranar ƙira. Jariri sabon haihuwa kuma ba a mayar masa da kujerar mota gadon barci a gida, domin kansa na iya rinjayowa gaba ya takura numfashi. Irin wannan gaskiyar da aka cakuɗa a ciki ita ce take sa mutane su haɗiye sauran ba tare da tauna ba, shi ya sa ban ga laifin ƙanwata ko maƙwabciyata da suka yarda ba. Laifin yana wuyan wanda ya ari bakin likita ya yanke wa 'ya'yan mutane shekaru.

Kujera mai ɗamara da busta aikinsu daban ne, kuma a nan saƙon ya ɓata. Kujera mai ɗamara tana da igiyoyinta na kanta, masu kama yaro a wuri biyar: kafaɗu biyu, ƙugu biyu, da tsakanin ƙafafu. Ko ya yi barci, ko ya yi rigima, ko ya miƙa hannu zai ɗauko abin wasa, tana riƙe da shi. Busta ba ta da igiya ko ɗaya. Ɗaga yaro kawai take yi, sannan ta bi da bel ɗin motar ta inda ya kamata ya bi a jikinsa. Ke nan rabin aikin yana hannun yaron: sai ya zauna a miƙe tun daga Kano har Zariya, bai zame ba, bai kwanta gefe ba, bai cire bel daga kafaɗa ba. Duk wadda ta raini ɗan shekara biyu ta san ba zai yi haka ba ko na minti biyar.

Shi bel ɗin mota an auna shi ne da jikin babba. An yi shi ya kwanta a kan ƙasusuwa masu ƙarfi, wato ƙashin ƙugu da ƙashin kafaɗa da ƙirji. Ɗan shekara huɗu tsayinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan santimita ba. Cinyarsa gajera ce, in ya jingina da bayan kujera gwiwarsa ba ta kai bakin kujerar balle ta lanƙwashe, don haka sai ya zamo gaba don ya ji daɗin zama. Yana zamowa, igiyar ƙasa ta bar ƙugu ta hau kan ciki. Ƙashin ƙugunsa ma bai gama fitar da tudun da ke tare igiyar ba. Igiyar sama kuma tana goga masa wuya ko fuska, sai ya tura ta baya ko ya cusa ta ƙarƙashin hamata, mu kuma mu ƙyale shi don a samu zaman lafiya a mota.

Ranar da aka yi karo, duk ƙarfin bugun yana sauka a kan tumbi. Jikin yaron ya naɗe a kan igiyar, kansa ya tafi gaba ya bugi gwiwarsa ko bayan kujerar gaba. Likitocin tiyata sun san wannan raunin sarai: hanji ya fashe, saifa ko hanta su tsage, ƙashin baya ya karye a daidai inda igiyar ta ratsa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda yake ɓuya. Yaro na iya fitowa daga mota da ƙafarsa, yana kuka kawai, da ɗan shatin bel a cikinsa, a yi hamdala a koma gida. Fashewar hanji takan ɗauki sa'o'i, wani lokaci kwana, kafin ciwon ciki da amai da zazzaɓi su bayyana. Duk yaron da aka ga shatin bel a cikinsa bayan haɗari, a kai shi asibiti a ranar, ko da yana wasa.

Filo ba ya maganin komai a nan. Yana lotsewa a ƙarƙashin nauyi, yana zamewa a kan kujera, kuma ba shi da hannayen nan biyu na gefen busta waɗanda ke danne igiyar ƙasa a kan cinya. Kamfanin Volvo, wanda ya fito da bel mai kama wuri uku a 1959, shi ne ya fito da busta a 1978, domin bel ɗin da ya ceci manya bai dace da jikin yara ba.

An kuma auna abin a kan haɗurra na gaske. Masu bincike na asibitin yara na Philadelphia a Amurka sun wallafa a 2009 cewa yara 'yan shekara huɗu zuwa takwas da ke kan busta, haɗarin jin rauninsu ya ragu da kashi 45 cikin ɗari idan aka kwatanta da takwarorinsu masu bel kaɗai. Dokar Birtaniya ta ce yaro ya ci gaba da amfani da kujerar yara har ya kai santimita 135 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. A Jamus santimita 150 ne ko shekara 12. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce bel yakan dace da yaro ne idan ya kai kusan santimita 145, abin da ke faruwa tsakanin shekara takwas zuwa sha biyu. Alƙaluman sun bambanta, amma babu ko ɗaya da ya yi kusa da ɗan shekara huɗu.

Akwai inda masana ba su zama baki ɗaya ba, kuma bai kamata in ɓoye shi ba. Ranar da za a bar ɗamara a koma busta ba ta da lamba guda. A ƙa'idar Turai ta yanzu, yawancin kujeru masu ɗamara suna ƙarewa a santimita 105, busta mai jingina kuma tana farawa daga 100, wato wajen shekara huɗu. A Amurka akwai kujeru masu ɗamara da ke ɗaukar yaro har kusan kilo 30, ana kuma ba da shawarar a cinye iyakarsu. Ga ɗan shekara biyar ko shida mai natsuwa, duka hanyoyin biyu karɓaɓɓu ne. Abin da aka haɗu a kai shi ne kada a yi gaggawa, kuma jikin yaro ne ma'auni. Yaro ya fi ƙarfin kujera mai ɗamara idan nauyinsa ya haura abin da aka rubuta a takardar da ke manne a gefenta, ko kafaɗunsa sun wuce ramin igiya na can sama, ko saman kunnuwansa ya kai saman kujerar.

Ɗan shekara biyun da saƙon ke son a ɗora kan busta, a wurare da yawa ko juyo da shi gaba ba a yi ba. Kan ƙaramin yaro yana da girma da nauyi a kan wuyan da bai yi ƙwari ba. Kujera mai kallon baya tana tallafe kai da wuya da baya gaba ɗaya lokacin karo, kamar yadda mai goyo ke jan zani sama ya tare ƙeyar jinjiri. Ƙa'idar Turai ta hana juyo da yaro kafin wata 15, a Suwidin kuwa al'ada ce a bar shi yana kallon baya har wajen shekara huɗu. Naɗe ƙafa da yake yi a ciki ba ya cutar da shi.

Barin busta ma da gwaji ake yi, a cikin motar da zai riƙa shiga. A zaunar da shi ba busta, bayansa manne da jinginar kujera. Gwiwarsa ta lanƙwashe a bakin kujerar ba tare da ya zamo ba, igiyar ƙasa ta kwanta a saman cinya, ta sama ta bi tsakanin wuya da kafaɗa, kuma ya iya zama haka har ƙarshen tafiya. In ɗaya ya saɓa, lokaci bai yi ba. Yana iya cin gwajin a ƙaramar mota ya faɗi a babbar jif mai zurfin kujera.

Na san halin da ake ciki. Mai 'ya'ya biyar da mota ɗaya ba zai jera kujeru biyar ba, mai hawa A Daidaita Sahu ko motar haya ma zancen bai kai gare shi ba, kuma kujera sabuwa tana da tsada. To amma wanda Allah ya hore wa mota yana da abin da zai iya yi yau ba tare da ya kashe ko kwabo ba: yara su koma baya. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana jan kunne kan ɗora yara 'yan ƙasa da shekara 12 a gaba, kuma jakar iskar da ke fashewa daga gaban mota tana iya kashe jaririn da aka ajiye a kujera mai kallon baya a wurin. Ga yaron da ya haura santimita 125 da kilo 22, busta marar jingina ta wadatar, kuma ita ce mafi arha a cikin kujerun nan duka.

Sai a lura da kujerar tsakiya ta baya. A tsofaffin motoci 'yan Kwatano da yawa, bel ɗin wurin igiyar ƙugu ce kaɗai, babu ta kafaɗa. Ba a ɗora busta a nan, domin babu abin da zai tare ƙirji da kai. Mai busta ya zauna a gefen taga inda bel ke da igiya biyu, kujera mai ɗamara kuma ba a ɗaure ta a tsakiyar sai littafinta ya ce igiyar ƙugu kaɗai ta isa.