Daga likitar ƙauye zuwa babban asibiti: takardar da ke riƙe da rai

A ƙasarmu ta Nijar, ba kasafai maras lafiya yake warkewa a hannun mutum guda ba. Tsarin kiwon lafiya hawa-hawa ne: ɗakin magani na ƙauye, sai cibiyar lafiya da aka fi sani da CSI, sai asibitin gunduma, sannan asibitin jaha irin na Maraɗi da Tawa, daga ƙarshe manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. A kowane hawa majinyaci yana sake hannu, kuma a wurin sake hannun nan ne labarin ciwonsa yake yawan zubewa.

Bisa ƙa'ida, ma'aikacin da ya tura maras lafiya gaba yana haɗa shi da takarda: abin da ya gani, maganin da ya bayar, yawansa, sa'ar da ya ba da shi, da dalilin turawar. Amfaninta a fili yake. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani akan yi masa maganin farko tun kafin a ɗauko shi. In ba a rubuta lokacin ba, likitan da ya karɓe shi yana cikin duhu: ko ya maimaita abin da aka riga aka yi, ko ya jinkirta abin da ya kamata. Haka nan mace mai doguwar naƙuda, wadda sanin sa'ar da ta fara yake taimaka wa likita ya yanke shawarar yi mata aiki.

Takardar kuma tana da komowa. Idan an sallami majinyaci, wajibi ne babban asibiti ya sanar da wanda ya turo shi abin da aka gano da abin da ya rage. Maganin tarin fuka wata 6 ake sha. In ma'aikacin ƙauye bai san an fara ba, wa zai bi sawun mai ciwon ranar da ya ji sauƙi ya aje magani?

Sai batun harshe. Ma'aikaci da Faransanci ya yi karatu, da shi yake rubuta takardar magani, alhali majinyaci da Hausa ko Zabarmanci yake kukansa. Wanda ya ce "zafi" ko "sanyi" ke damunsa, abubuwa da dama yake nufi, kuma kunya takan hana mace faɗin ainihin ciwonta a gaban surukinta. A shekarar 2003, masana biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun fitar da littafin bincike a kan manyan birane 5 na Afirka ta Yamma, har da Yamai, inda suka nuna yadda gajeren zance da rashin kyakkyawar tarba suke raba ma'aikata da majinyata.

Gwamnati ta ɗauke kuɗin aikin fitar da jariri a 2005, ta kuma ɗauke na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. Amma ɗauke kuɗi ba ya maye gurbin bayani. Wayar salula ta sauƙaƙa abin: kira guda kafin mota ta tashi ya isa a shirya gado, a nemi mai ba da jini.

Iyali ma suna da nasu nauyi, musamman ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati waɗanda dangi daga karkara suke sauka gidajensu neman magani. Kada a bar likita ba tare da takardar turawa ba. A riƙe karnen asibiti da kwalayen magungunan da aka sha, har na gargajiya a faɗe su. A tsayar da mai jinya guda wanda ya san ciwon tun farkonsa, ya kuma maimaita wa ma'aikaci abin da ya fahimta kafin a fita. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. A bakin gadon majinyaci kuwa, tambaya tana iya zama rabin magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.