Nauyin Magana a Zauren Majalisa: Nazarin Gudummawar Sanata Shehu Sani, 2015 zuwa 2019

Gabatarwa

Garin Rigachikun, wanda ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, yana cikin ƙaramar hukumar Igabi, ɗaya daga ƙananan hukumomi bakwai da suka haɗu suka zama mazaɓar Kaduna ta Tsakiya. Sauran su ne Birnin Gwari, Chikun, Giwa, Kajuru, Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu. Dukkansu murya ɗaya gare su a Majalisar Dattawa mai kujeru 109. A nan, kamar sauran wurare, akan auna wakili da rijiyoyin burtsatse da kekunan ɗinki da ya raba, muhawara kuwa a ɗauke ta surutu. Wannan maƙala ta duba batutuwa uku da Sanata Shehu Sani ya tayar lokacin da yake wakiltar mazaɓar, domin fayyace inda maganar ɗan majalisa take samun ƙarfi da kuma inda ƙarfin nata yake tsayawa.

Matsayin Muhawara a Tsarin Mulki

Tsarin mulkin 1999 ya damƙa wa Majalisar Tarayya ikon yin doka a sashe na 4, sannan sashe na 88 da na 89 suka ba ta ikon bincike da kiran shaidu domin tona almundahana ko almubazzaranci da dukiyar jama'a. Doka ta kuma kare ɗan majalisa daga shari'a a kan abin da ya faɗa a zaure. Sai dai magana iri biyu ce. Akwai wadda ake yi a kan ƙudirin doka, wanda sai ya tsallake karatu uku a majalisun biyu kafin a kai wa shugaban ƙasa. Akwai kuma wadda ake yi a kan koke ko rahoton kwamiti, wadda kan ƙare da matsayar majalisa. Irin wannan matsaya yawanci shawara ce, ba ta tilasta wa ɓangaren zartarwa, in ba a wuraren da doka ta ce sai da amincewar majalisa ba.

Rahoton Arewa Maso Gabas

Shehu Sani ya shiga majalisa ta takwas a 2015 ƙarƙashin jam'iyyar APC, bayan shekarun da ya yi yana fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam, har da zaman kurkuku daga 1995 zuwa 1998 a zamanin mulkin soja. A 2016 aka naɗa shi shugaban kwamitin wucin gadi da zai binciki halin da 'yan gudun hijira suke ciki a Arewa maso Gabas. Rahoton farko da ya gabatar a watan Disamba na shekarar ya zargi Sakataren Gwamnatin Tarayya, Babachir Lawal, da cewa kamfanin da ke da alaƙa da shi ya amfana da kwangilar cire ciyawa daga hanyoyin ruwa a jihar Yobe, alhali mutane na fama da yunwa a sansanoni. Majalisa ta nemi a sauke shi, shi kuma ya musanta zargin.

A watan Janairu 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya aika da wasiƙa yana ƙin amincewa da rahoton. A martaninsa a zaure, sanatan ya yi wani kwatanci da ya bazu a ƙasa: gwamnati na fesa maganin ƙwari idan cin hanci ya ɓulla a majalisa ko kotu, amma idan a fadar shugaban ƙasa ne sai ta fesa turare. An dakatar da sakataren a watan Afrilu 2017, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo, sannan aka sallame shi ranar 30 ga Oktoba. Hukumar EFCC ta gurfanar da shi a 2019, amma a watan Nuwamba 2022 babbar kotun Abuja ta sallame shi, tana cewa masu ƙara ba su kawo hujjar da zai kare kansa a kanta ba. Wato muhawara ta isa ta sa a cire babban jami'i daga muƙaminsa, amma hukunci na kotu ne, kuma ma'aunin hujja a can ya fi tsauri.

Rancen Bankin Duniya

Batu na biyu ya taɓa mazaɓar kai tsaye. Tsarin mulki ya sanya cin bashi a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka jiha ba ta karɓar rancen ƙetare sai majalisa ta yarda. A 2017 Bankin Duniya ya amince da bai wa jihar Kaduna rancen dala miliyan 350, kuma buƙatar ta faɗo hannun kwamitin basussukan gida da na waje, wanda Shehu Sani ke shugabanta. A watan Maris 2018 kwamitin ya ba da shawarar a ƙi, yana mai cewa in aka cire Legas, babu jihar da ta kai Kaduna bashin ƙetare. Sauran sanatocin jihar biyu, Suleiman Hunkuyi da Danjuma La'ah, sun goya masa baya, majalisa kuma ta bi su.

Gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ce an tauye jihar, domin rance ne mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, kuma an tanade shi don ayyukan raya ƙasa. Wasu kuma sun ga hannun rikicin cikin gida na jam'iyya a lamarin. Majalisa ta tara ta amince da rancen a 2020, lokacin da Uba Sani ke riƙe da kujerar mazaɓar. A watan Maris 2024, bayan ya zama gwamna, Uba Sani ya bayyana cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Faɗuwar darajar naira ta ƙara wa wannan bashi nauyi, tunda da dala ake biya, kuma daga kason jihar ake cirewa kafin ya iso. Saboda haka muhawarar da aka yi a Abuja ta shafi albashin malamin firamare da gyaran asibiti a Igabi, ko ta wane ɓangare mutum ya tsaya.

Kuɗin Gudanarwar Sanatoci

Batu na uku ba a zaure aka tayar da shi ba. A wata hira da mujalla a watan Maris 2018, sanatan ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi. Maganar ta tayar da ƙura sosai, amma da yake ba ta bi ta ƙudiri ko rahoton kwamiti ba, ba a kaɗa ƙuri'a a kanta ba, tsarin kuma ya ci gaba.

Kammalawa

Idan aka jera batutuwan uku, za a ga cewa tasirin magana ya danganta da abin da ta jingina da shi. Inda doka ta ce sai majalisa ta amince, kamar rance, magana ta tsayar da aiki nan take. Inda ta dogara da rahoton bincike, ta yi tasiri a hankali ta hanyar matsin lambar jama'a. Inda ba ta da ko ɗaya, ta wayar da kai ne kawai. Tana kuma da farashi: Shehu Sani ya rasa tikitin APC a 2018, ya koma PRP, ya faɗi zaɓen 2019. Mai zaɓe a Rigachikun yana da 'yancin yaba masa ko kushe shi, amma adalci shi ne a tambayi kowane wakili wane kwamiti ya riƙe, wane rahoto ya sa wa hannu, da kuma ɓangaren da ya bi ranar da aka kaɗa ƙuri'a.