Shaihun Malamin Da Ya Shekara 39 Yana Hirar Ilmi Da Dare A Rediyo

A cikin watan Disamba na shekarar 2012 ne wani gidan rediyo da ke birnin Shikago na ƙasar Amurka, mai suna WGN, ya tsayar da wani shirinsa na dare wanda ake kira Extension 720. Mai gabatar da shirin, Shaihun Malami Milton Rosenberg, yana da shekara 87 a duniya a lokacin, ya kuwa riƙe shirin tun daga 1973, watau shekara 39 ke nan. Babu kiɗa a shirin, babu wasan kwaikwayo, ba a kuma raba wa masu sauraro kyauta. Abin da ke ciki duka shi ne mutum biyu ko uku a zaune gaban makirfo suna tattauna wani littafi, ko sha'anin mulki, ko binciken kimiyya, ko aikin mawaƙa da masu zane, har tsawon awa biyu, daga Litinin zuwa Juma'a. Duk wanda ya san yadda gidajen rediyo na 'yan kasuwa suke auna kowace daƙiƙa da kuɗi, lalle zai so ya ji yadda irin wannan shiri ya yi tsawon rai haka, da kuma abin da ya kawo ƙarshensa.

MALAMI DA RANA, MAI HIRA DA DARE

An haifi Rosenberg a birnin New York cikin 1925. Ya yi karatu a Kwalejin Brooklyn, ya sami digirin dakta a Jami'ar Michigan, a fannin ilmin halayyar ɗan Adam cikin jama'a. Ya koyar a Jami'ar Yale da waɗansu makarantu kafin ya koma Jami'ar Shikago cikin shekarun 1960. Bai bar aikin koyarwa ba sa'ad da ya kama aikin rediyo. Da rana yana aji tare da ɗalibai, da dare kuwa yana ɗakin watsa shirye-shirye.

A wajen masana fanninsa, an fi saninsa da wani bincike da ya buga cikin 1965. Ya nuna cewa mutumin da aka kawo domin a yi gwaji a kansa yakan ji fargabar cewa ana auna hankalinsa, saboda haka sai ya riƙa ba da amsar da yake zaton za ta fid da shi kunya, ko da ba ita ce ke ransa ba. Wannan fargaba ita ce ke kama baƙon da aka zaunar gaban makirfo. In aka ba shi minti biyar, zai karanto abin da ya haddace tun daga gida. In aka ba shi awa biyu kuwa, haddar takan ƙare, dole ya shiga yin tunani a gaban jama'a. A nan ne mai sauraro yake gane zurfin mutum.

ABIN DA YA SA DARE

Lambar 720 da ke cikin sunan shirin ta samo asali ne daga inda ake kama tashar, watau kilohaz 720 a kan matsakaicin zango. Jaridar Chicago Tribune ce take da tashar a wancan zamani, tun daga 1924, ƙarfin na'urarta kuwa wat 50,000 ne, wanda shi ne iyakar abin da dokar Amurka ta yarda wa irin waɗannan tashoshi. Har ila yau tana cikin 'yan tashoshin da hukuma ta share wa hanya, ta yadda sauran tashoshin da ke kan zangonta ba su da ikon tsoma mata baki da dare.

Akwai dalili na kimiyya da ya sa dare yake da daraja ga irin wannan tasha. Can sama, tsakanin kilomita 60 zuwa 90 daga ƙasa, hasken rana yakan haifar da wani shimfiɗi na iska mai ɗauke da lantarki, wanda ke shanye igiyar matsakaicin zango kamar yadda yashi ke shanye ruwa. Da rana ta faɗi sai wannan shimfiɗi ya watse, igiyar ta wuce zuwa wani shimfiɗin da ke samansa, shi kuwa ya maido ta ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Tsofaffin masu sauraron Rediyon Kaduna sun san wannan tun ba a gaya musu dalilinsa ba: tashar da ke shashsheƙa da hantsi a gari mai nisa, da an yi sallar magariba sai ta fito tangaran.

Ta haka muryar Rosenberg takan ƙetare jihar Illinois ta bazu cikin jihohi masu yawa na Amurka, har da wani sashe na Kanada. A mafi yawan shekarunsa shirin yana farawa ne da ƙarfe tara na dare ya ƙare ƙarfe goma sha ɗaya. Direban babbar mota a kan hanyar Nebraska, da manomin masara a Iowa wanda bai taɓa taka ƙofar jami'a ba, suna iya murɗa akwatin rediyo su tarar ana bayanin asalin taurari ko tarihin daular Rum. Dare kuma shi ne lokacin da mutum ya sauke nauyin yini, hankalinsa ya kwanta, ya iya bin zance mai tsawo.

YADDA AKE HIRAR

Tsarin shirin ba shi da wuya. Awa ta farko ta mai gida ce da baƙonsa. A awa ta biyu sai a buɗe wayar tarho, masu sauraro su yi tambaya ko su ja da abin da aka faɗa. Kamfanonin ɗab'i na Amurka sukan zagaya da mawallafi birni birni in ya fid da sabon littafi, Shikago kuwa zango ne da ba a tsallakewa. Abin da mawallafa suka riƙa yaba wa Rosenberg a kai shi ne, yakan zo ɗakin hira ya riga ya san abin da ke cikin littafin, ya kuma san abin da waɗansu masana suka rubuta a kan batun. Saboda haka tambayarsa takan tashi daga inda littafin ya tsaya.

Cikin waɗanda suka zauna da shi akwai Margaret Thatcher, tsohuwar Firayim Ministar Birtaniya, da Jimmy Carter, tsohon Shugaban Amurka, da Henry Kissinger, da Janar Colin Powell, da masanin taurari Carl Sagan, da mawallafin nan Norman Mailer. Barack Obama ma ya shiga shirin tun bai zama Shugaban Ƙasa ba. Amma yawancin dare ba manyan sunaye ake kawowa ba. Malaman tarihi ne da likitoci da masana harshe, waɗanda ba a san su ba sai a sassan jami'o'insu. Akan keɓe wani dare domin bitar sababbin littattafai, wani daren kuma domin duba yadda ake ɓata harshen Ingilishi a jaridu da bakin 'yan siyasa.

Malamin bai tsira daga suka ba. Waɗansu sun ce yana da son manyan kalmomi, har wani lokaci yakan so ya nuna ya fi baƙonsa sani. Waɗansu kuwa ra'ayinsa na siyasa ne bai yi musu ba. Cikin 1970 yana cikin mutum uku da suka wallafa wani littafi domin masu adawa da yaƙin Biyetnam, amma da shekaru suka ja sai ya karkata wajen 'yan mazan jiya, bai kuwa ɓoye ba. Duk da haka, wanda ya saɓa masa yakan sami lokacin da zai shimfiɗa hujjarsa har ya kai aya, ba a katse shi da ihu ba.

TUSHEN AL'ADAR

Ba Rosenberg ne ya fara wannan aiki ba. Tun cikin 1931 malaman Jami'ar Shikago suka fara wani shiri na zama a kewaye tebur ana muhawara, wanda kamfanin NBC ya riƙa watsa wa ƙasar baki ɗaya daga 1933 zuwa 1955. A wannan birni dai, Studs Terkel ya shekara 45 yana hira da marubuta da mawaƙa da talakawa a tashar WFMT, daga 1952 zuwa 1997. A Ingila kuwa, BBC ta buɗe tasha ta uku cikin 1946, wadda ba ta magana sai da yamma, aikinta kiɗan gargajiya na Turai da wasannin kwaikwayo da laccocin masana. Bambancin Rosenberg da BBC shi ne, ita BBC kuɗin lasin da jama'a ke biya ne ke riƙe da ita, shi kuwa a tashar 'yan kasuwa yake, wadda abincinta talla.

YADDA KASUWA TA JUYA

Tun daga 1949 akwai wata ƙa'ida a Amurka da ta wajabta wa gidajen rediyo, in sun taɓo batun da jama'a ke jayayya a kansa, su ba kowane ɓangare dama. Cikin 1987 hukumar sadarwa ta ƙasar ta soke wannan ƙa'ida. Shekara guda bayan haka, cikin 1988, aka fara watsa shirin Rush Limbaugh ko'ina a Amurka, shirin da mutum ɗaya yake zuba ra'ayinsa awa uku yana yi wa abokan hamayya ba'a. Ya tara miliyoyin masu sauraro, tashoshi kuwa suka ga inda riba take, suka bi sahu. Bugu da ƙari, masu ba da talla a Amurka sun fi neman masu sauraro 'yan shekara 25 zuwa 54, alhali kuwa masu kama matsakaicin zango tsufa suke ta yi.

Ana cikin haka kamfanin Tribune ya faɗa cikin bashi. Cikin 2007 wani attajiri mai suna Sam Zell ya karɓe kamfanin ta hanyar cin bashi, har abin da ake binsa ya kai wajen dala biliyan 13. A watan Nuwamba na 2008 Shugaba George W. Bush ya rataya wa Rosenberg lambar girma ta ƙasa a kan hidimar ilmin adabi da tarihi. A watan Disamba na wannan shekara kamfanin da yake wa aiki ya je kotu ya ce ya karye. Tashar ta shiga canza shirye-shirye da ma'aikata, bayan shekara huɗu guguwar ta iso kan Extension 720.

Tsohon bai nannaɗe tabarmarsa ba. Cikin 2013 ya koma yin hirarsa ana sa ta a intanet, cikin 2015 kuma ya yi 'yan watanni a wata ƙaramar tasha mai suna WCGO. Ya mutu a watan Janairu na 2018 yana da shekara 92.

Doguwar hira ba ta mutu tare da shi ba, gama a yau intanet cike take da hirarraki na awa biyu da uku. Amma akwai abin da aka rasa. Wanda ya sauko da hirar masanin taurari a wayarsa, ya riga ya san yana son ilmin taurari, shi ya je ya nema. Rediyon dare kuwa yakan kai ilmi ga wanda bai fita nemansa ba, kamar mutumin da ya kunna akwati domin jin sakamakon wasan ƙwallo, ya tarar da wani malami yana bayanin yadda kwayar cuta ke bijire wa magani, ya kasa kashewa. Irin wannan mai sauraro shi ne wanda aka bari a baya.

ABIN LURA GA NAMU GIDAJEN

A Nijeriya, dokar soja ta 1992 ce ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa gidajen rediyo. Raypower ta fara aiki a Ikko cikin 1994, Freedom Radio kuwa a Kano cikin 2003, daga nan tashoshin FM suka yawaita a biranen Arewa. Mai sauraro ya san abin da ya fi cika sa'o'in bayan sallar isha'i a yawancinsu: fili ne da 'yan siyasa suka saya, sojojin baka suna jifan juna da magana. Ba a ce kada a yi siyasa a rediyo ba, gama shi kansa Rosenberg siyasa ce rabin hirarsa. Abin dubawa shi ne ko za a ba mai hujja lokacin da zai kawo ta, a kuma sami mai tambaya wanda ya yi shiri.

Kayan aikin kuwa suna nan. Ga malamai a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, ga likitoci da masana aikin gona, ga marubutan littattafan Hausa maza da mata waɗanda akan karanta labaransu a rediyo, amma ba kasafai akan zaunar da su a tambaye su dalilin abin da suka rubuta ba. Shiri irin na Rosenberg bai bukatar makaɗa ko motar ɗauko rahoto. Abin da yake bukata shi ne makirfo biyu, da wayar tarho, da mai gabatarwa wanda zai karance littafin kafin baƙo ya iso, da kuma manajan da zai haƙura da kuɗin awa guda ko da sau ɗaya ne a mako.