Ƙudan Zuma da Shaidar da Yake Bari a Kwalba

A Babbar Kasuwar Gombe, duk mai kwalbar zuma a gabansa zai rantse maka farar saƙa ce, daga dajin Tula ko Kaltungo aka kawo ta. Mai saye kuma sai ya tsoma tsinken ashana ya ƙyasta, ko ya ɗiga ta a ruwa ya ga ko za ta nutse. Ba wanda ya tuna ya tambayi mai aikin, alhali ƙudan zuma ba ya haɗa zuma sai ya bar shaidar inda ya yi kiwo.

Masu fita kiwon duk mata ne, kuma a lokacin aiki da wuya ɗaya ta wuce mako shida a duniya. Jikinta gashi ne, don haka idan ta kutsa cikin fure neman ruwan zaƙi sai ƙurar furen ta manne mata. Wata ƙurar ta dunƙule ta a ƙafafun baya ta kai amya abincin 'ya'ya, wata ta faɗa cikin zumar. In ta dace da itace mai albarka, rawa take yi a kan saƙa ta kwatanta wa 'yan'uwanta hanya da nisa. Gano wannan rawa ne ya ba Karl von Frisch kyautar Nobel a 1973. Mu kuwa tun muna allo muka san sura ta 16 a Alƙur'ani sunan wannan halitta take ɗauke da shi.

Ƙurar furen nan kowace da kamanninta, kamar zanen fuska a da, da za ka duba ka san garin mutum. Ta auduga, wadda Gombe ta yi suna da ita, ƙatuwa ce mai ƙayoyi. Ta bagaruwa da ɗorawa a cure take, ƙwayoyi da yawa manne wuri guda. Ta masara mulmulalliya ce mai ƙofa ɗaya. Masana kan narkar da giram 10 na zuma a ruwa, su juya a na'ura har gari ya kwanta, su ƙirga ƙwayoyin a madubin ƙara girma. Itacen da ya haura kashi 45 cikin 100, zumar tasa ce. Tun 1976 Farfesa Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan ta wallafa bincike irin wannan a kan zumar Najeriya. Gwajin ba ya kama duk wani haɗin sukari, amma yana tona asirin wanda ya yi ƙaryar daji.

An ce zuma sai da wuta, an kuma ce ba a shan zuma sai an sha harbi. Harbin gaskiya ne, kuma wadda ta yi shi mutuwa take yi. Wutar ce nake ƙi: wajen ɗibar zuma ɗan hayaƙi ya isa, bakin wuta kuwa ƙone gida guda yake yi. Ga masu gawayi suna sare ɗorawa da kaɗanya, waɗanda ke fure da rani lokacin da ciyawa ta bushe, kiwo ya yi wuya.

Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere suna da ɗalibai masu neman abin bincike. Su sayo zumar kasuwanninmu su duba, su faɗa mana itatuwan da ke ciyar da amyoyinmu, domin masu dashen itatuwa na shirin Gombe Goes Green su san irin da za su fi shukawa.